Wa Ya Sace Muryar Gambu?

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne a Jega Sabon Gari. A Aliero yake sayen kaya ya loda wa manyan motoci su yi kudu, kuma rabin yininsa a jiran mota ta cika yake ƙarewa. Tun yana saurayi waƙa ce abokiyar jiransa, da farko a rikoda mai batir, daga baya a wayar hannu. Bara ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko masa da wata na'urar sauraron waƙa ta aljihu. Ba ta kira, ba ta amsa kira, aikinta ɗaya ne tak: ta fito da sauti yadda aka ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. A jikin kwalinta akwai wani tambari mai ruwan zinariya da baƙi, an rubuta Hi-Res Audio.

Ba a daɗe ba ya aiko a kira ni, yana da ƙorafi uku. Na ɗaya, waƙoƙin Narambaɗa da aka zuba masa sun fi daɗin ji a tsohuwar wayarsa, domin a sabuwar na'urar wani shuu da wani gurnani ne ke tasowa su lulluɓe kotso. Na biyu, wasu waƙoƙin sunayensu na nan a jere, amma da ya taɓa su sai na'urar ta tsallake. Na uku shi ya fi ci masa rai. Kawu ya sha ganin Muhammadu Gambu na Fagada ta ƙasar Maiyama, mai waƙar ɓarayi, ido da ido a wurin wasa. Ya san kaurin muryarsa, ya san takun kalangunsa. Wanda ke waƙa a cikin na'urar kuwa muryarsa ta sirance, kiɗan kuma gaggawa yake yi.

"Wagga ba muryar Gambu ba ta," in ji shi. "Ko dai an cuci yaron ga an sai mai jabu, ko wani ya taɓa waƙar."

Akwai wani ɗan maƙwabcinsa da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006. Yaron yana da kwamfutar cinya da haƙurin bin abu daki-daki. Shi muka gayyato. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a canza abu biyu a lokaci guda, domin in an yi haka ba za a san wanne ya kawo sauyin ba.

Da na'urar aka fara, tunda ita ake zargi. Yaron ya zuba mata karatun Alƙur'ani da aka ɗauka a situdiyo kwanan nan, ya miƙa wa Kawu. Kawu ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce har jan numfashin mai karatun yana ji. Sai yaron ya kwashi waƙar Gambu ya kunna ta a kwamfutarsa. Muryar nan dai siririya, kiɗan nan dai mai gaggawa. Ke nan na'ura ɗaya ta fito da wani sauti garau, waƙa ɗaya kuma ta fito a gurguje a na'urori biyu. An wanke na'urar.

Sai aka koma kan iyafis. Kawu da na Bluetooth yake amfani, wanda ya saya a bakin tasha. Yaron ya yi bayanin cewa duk sautin da zai bi iska zuwa kunne sai an matse shi tukuna. Faifan CD yana zubo bayanai kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, hanyar Bluetooth ta gama-gari kuwa ba ta cika wuce kilobit 328 ba, ko ta kamfanin Sony da ake kira LDAC ma a 990 ta tsaya. Muka zaci an kama ɓarawon. Aka kawo iyafis mai igiya mai kyau, aka jona. Muryar Gambu ba ta canza ba, shuu da gurnanin ma suka ƙara fitowa fili.

Wannan sakamakon ne ya warware ƙorafin farko, ko da yake ba yadda Kawu ya so ba. Sifikar wayar hannu ƙarama ce, ba ta iya fito da sauti mai kauri sosai, saboda haka gurnanin ba ya fitowa daga cikinta ko kaɗan. Shuu ɗin kuma hayaniyar tasha da ƙugin injin mota ke haɗiye shi. A wannan 'yar sifikar kowace murya a sirance take fita, don haka siririyar muryar Gambu ba ta taɓa yin fice ba. Wayar tana rufa wa waƙoƙin asiri, sabuwar na'urar kuma tana tonawa. Aibin yana cikin waƙoƙin tun kafin su shigo gidan Kawu.

Kafin a shiga cikinsu, yaron ya ce a gama da waɗanda suka ɓace. Ya duba nauyin fayilolin ya ɗago kai.

"Baba Alhaji, wa ya zuba maka waɗannan?"

"Mai turi na kasuwa. Na ce mai wagga na'ura ba ta cin ƙanana, shi zuba min manya."

Manya kuwa aka zuba. Waƙar minti 10 ta kai kusan megabait 345, alhali irinta a wayar Kawu ba ta cika megabait 10 ba. Memorin da aka saya tare da turin an rubuta masa giga 128 a jiki, na'urar ma abin da take nunawa ke nan. Yaron ya sa shi a kwamfuta ya kunna wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda wani Bajamushe, Harald Bögeholz, ya rubuta. Aikinta ba wuya: ta cika memori da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta koma ta karanta ta ga nawa ne suka zauna. Abin da ya zauna bai kai giga 8 ba. An sauya wa memorin lissafin cikinsa ne don ya riƙa faɗin abin da ba shi da shi. Duk abin da aka zuba bayan ainihin wurin ya cika, sunansa zai shiga jerin, amma sautin ko dai ya salwanta ko ya hau kan na baya ya lalata shi.

Da ƙananan waƙoƙi aka zuba, da Kawu zai tara ɗaruruwa kafin asirin memorin ya tonu. Da yake kowace waƙa ta kumbura ninki talatin da 'yan kai, waƙa ashirin da wani abu suka cika shi. Ƙorafi na biyu ya warware, amma ya haifi tambaya: me ke cikin waɗannan manyan fayiloli, tunda nauyinsu bai hana su shuu ba?

A nan sai mun fahimci lambobin da fuskar na'urar ke nunawa, wato 24 da 96. Sauti kaɗawar iska ce. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawa daga 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, mai kauri a ƙasa, mai tsini a sama. Don a mayar da sauti lambobi, ana auna shi sau dubbai a kowace daƙiƙa, kuma ƙa'idar ita ce awon ya ninka mafi tsinin sautin da ake son kamawa. Shi ya sa faifan CD, da ya shiga kasuwa a 1982, yake awo sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Abin da ake kira sauti mai cikakkiyar tsabta shi ne wanda ya zarce wannan, misali awo sau 96,000 da bit 24. Tambarin nan na jikin kwalin, ƙungiyar masu kayan sauti ta Japan ce ta fara bayar da shi a 2014, kuma a jikin na'ura shaida ce cewa na'urar tana iya ɗaukar irin wannan sauti. Bai ce komai ba game da waƙar da mutum zai zuba mata.

Yaron ya buɗe waƙar Narambaɗa a manhajar Spek, wadda ke zana hoton sauti. Daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama tsinin sauti, inda akwai ƙara sai launi ya haska. Hoton ya miƙe har 48,000, kamar yadda ya dace da awo 96,000. Amma kashi biyu cikin uku na samansa baƙi ne ƙirin. A daidai 16,000 akwai layi a miƙe sambal, daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba abin da ya haye shi.

Babu makaɗi ko makirufo da ke yanke sauti a miƙe haka. Wannan aikin MP3 ne. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su suka jagoranci ƙirƙiro shi, aka raɗa masa wannan suna a 1995. Dabararsa ita ce ya zubar da abin da kunne ba zai cika lura da shi ba, har waƙa ta koma kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyinta a CD, in an matse ta a kilobit 128. A wannan matsi, abin da ya haura wajen 16,000 yakan zama farkon abin da ake yarwa. Ashe babban fayil ɗin Kawu ya taɓa zama ƙarami.

Muka je wurin mai turin. Bai ɓoye komai ba, domin a ganinsa bai yi laifi ba. Alhaji ya nemi manya, shi kuma yana da manhajar da ke juya fayil daga wani tsari zuwa wani, sai ya zaɓi lambobi mafi girma ya danna. Waƙoƙin kuwa daga wani mai turin ya karɓo su, shi ma wancan ya sauke wasu daga intanet, wasu kuma ya kwashe daga wayoyin mutane. Memorin ma sari ya yi, bai taɓa gwada ko ɗaya ba. Da aka yi wa Kawu bayani, shi ya kawo misalin da ya fi na kowa: wai an juye kwando ɗaya na albasa a babban buhu, an cusa tsumma ya tashi, an ɗinke baki. Buhu dai ya cika ido, albasa kuwa kwando ɗaya ce.

Da an tsaya nan, da MP3 za a ɗora wa laifin duka. Yaron bai yarda ba. Ya ce a sake duban hoton. Tsakanin 5,000 da 16,000 akwai launi, amma hazo ne kawai, bai motsi da kiɗa, bai motsi da murya. Wannan shi ne shuu ɗin, wato hucin zaren kaset. Ita kanta waƙar, da muryar Narambaɗa da amshi da kotso, duk a ƙasa da 5,000 suka taru. Abin da wuƙar MP3 ta yanke a can sama, galibinsa hucin kaset ne. Bugu da ƙari, jin sauti mai tsini yana raguwa da shekaru, kuma da wuya dattijo kamar Kawu ya ji abin da ke 16,000 ko da an bar masa shi. Wanda aka fi zargi shi ne ya ɗauki mafi ƙanƙanta.

To wa ya datse waƙar a 5,000? Alamu biyu suka nuna shi. Ƙarar waƙar tana hawa tana sauka a hankali, yadda tasha mai nisa ke yi da daddare. A ƙarshenta kuma, kafin fayil ya yanke, an ji guntun muryar mai gabatarwa. Daga akwatin rediyo aka ɗauki waƙar. Tashoshin gajeren zango da matsakaicin zango, irin waɗanda suka kai Rediyon Kaduna lunguna da ƙauyuka tun kafa shi a 1962, sautin da akwatin rediyo ke fitarwa daga gare su ba ya cika wuce 5,000. Wani mai son waƙa ya jinginar da rikoda a gaban rediyonsa wata rana, kaset ɗinsa ya shiga hannun masu kwafi, aka yi ta kwafi daga kwafi, kowane kwafi yana ƙara huci yana rage tsini, daga baya wani ya mayar da shi MP3, mai turinmu ya kumbura shi. Hannu huɗu ke nan, kuma na farkon ne ya fi ɗiba.

Saura Gambu. Hotonsa ya bambanta. Babu alamar rediyo, ga hayaniyar jama'a a baya, da alama a wurin wasa aka ɗauka. Wuƙar 16,000 tana nan, hucin kaset yana nan, amma babu ɗayansu da ke sa mutum ya yi sauri. MP3 ba ya ƙara wa waƙa gudu, kumburawa ma haka.

Gurnanin nan da ya dami Kawu tun farko shi ya ba da amsa. Yaron ya buɗe waƙar a manhajar Audacity, ya zaɓi wurin da makaɗa suka ɗan tsagaita, ya faɗaɗa can ƙasan sautin. Wutar lantarki a Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma duk rikodar da aka jona da wuta takan bar ɗan gurnanin wannan kaɗawar a kan abin da take ɗauka. Mun sa ran tsini ɗaya a kan 50. Biyu muka gani, ɗaya a 50, ɗaya a 53.

Na 50 ɗin na ranar da aka juye kaset a kwamfuta ne. Na 53 ya girme shi. A ranar da ya hau zaren shi ma 50 ne. Kaset, tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, an tsara zarensa ya riƙa tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In rikodar mai kwafi ta tsufa, robar da ke juya ta ta saki, zaren zai riƙa tafiya a hankali yayin ɗauka. Sai a kai kaset ɗin rikoda mai lafiya, ta ja shi da gudun da ya dace, komai da ke kansa ya ƙara sauri ya ƙara tsini, har da gurnanin. Daga 50 zuwa 53 ƙarin kashi 6 cikin 100 ne. Waƙar minti 10 za ta ƙare a minti 9 da daƙiƙa 26, muryar babban mutum kuma ta hau mataki guda.

Na ce wa yaron ai mai kwafin yana iya kasancewa da janareta ya yi aiki, janareta kuwa ba kullum yake tsayawa a 50 ba. Ya amsa cewa haka ne, don haka lissafi kaɗai ba zai yanke hukunci ba, sai an haɗa da kunnen wanda ya san mai waƙar. Ya rage gudun da kashi 6 a kwafi ɗaya, ya bar ɗaya yadda yake, ya rage na uku fiye da kima, ya ba Kawu su ba tare da ya faɗa masa wanne ne wanne ba. Kawu bai yi wata-wata ba.

"Wanga shi na. Haka yaka jan magana."

Wanda aka rage wa kashi 6 ya nuna. Ba wanda ya saci muryar Gambu da gangan. Wata sakakkiyar roba ce a cikin rikodar wani mai kwafi, shekaru da dama da suka wuce, kuma duk wanda ya gaji wannan kwafin ya gaji kuskurenta.

Jega gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19, kuma abin da ya taɓa shiga kasuwarta da wuya a rasa ragowarsa a ɗakin wani. Kawu ya tuna da wani tsohon mai sayar da kaset da ya daina sana'ar tun da waya ta karɓe ta. A cikin kwalayensa aka sami waƙar nan ta Gambu a wani kaset da ya fi kusa da na asali. Aka sami rikoda mai lafiya, mai gyaran rediyo ya canza mata roba ya goge kan da ke karanta zaren, aka jona ta da kwamfuta da igiya. Tsawon waƙar ya zo kusan daidai da wanda yaron ya gyara, wannan ya kawar da zancen janareta. Huci yana nan, domin kaset ne, amma ya ragu sosai, kuma a karon farko an ji bambancin bugun kalangu da amon da ke biyo bayansa.

Yaron ya ɗauki wannan kaset da awo 96,000 da bit 24, lambobin nan da suka zama tsumma a hannun mai turi. A nan suna da amfani. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza awo 48,000 da bit 24 in za a juye tsohon zare, da yawan ma'adanai kuma 96,000 suke amfani da shi, domin a kwashe duk abin da ke kan zaren, a bar wa masu gyara na gaba fili. Wajen saurare kuwa ribar ba ta kai yadda masu talla ke faɗa ba. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwajin da suka yi wa masu saurare a Amurka ba tare da sun san abin da ake kunna musu ba, kuma wajen bambance irin wannan sauti da na CD kusan rabi suka dace, daidai da canki-canka. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya ga akwai bambanci amma ɗan kaɗan, ya fi bayyana ga waɗanda aka horar. Tsakanin kwafi na kusa da kwafi na nesa kuwa, Kawu bai buƙaci horo ba.

Waƙar Narambaɗa ba ta sami irin wannan magani ba. Abin da akwatin rediyo ya datse ba ya kan kowane kwafi da ya fito daga wannan kaset, kuma babu na'urar da za ta ƙago shi, komai tsadarta. In ainihin zaren yana ɗakin ajiyar wani gidan rediyo a Kaduna ko Sakkwato, can ne kaɗai cikakkiyar muryar take. Zare kuwa ba ya jira, zafi da ƙura da laimar damina suna cin sa kowace shekara, rikodojin da za su karanta shi kuma suna ƙarewa.

Kawu ya sayi memori na gaske, an gwada shi a gabansa kafin ya biya. Ya daina tambayar nauyin waƙa, yanzu tambayarsa ita ce daga wane kaset ta fito. Ya yi ciniki da yaron a kan sauran kwalayen tsohon mai kaset, ana biyan sa kaset-kaset duk lokacin hutu, ana rubuta sunan mawaƙi da inda aka samo a littafin lissafi irin na albasa. Duk wadda aka gama, ana ajiye babban fayil a wuri biyu, a yi ƙarami mai kyau a kai wa mai turin nan kyauta, bisa sharaɗin ya goge tsohon. Shagonsa ne ya yaɗa Gambu mai gaggawa a wayoyin Jega da Aliero da Maiyama, kuma babu hanyar da ta fi shagon nasa saurin mayar da na gaskiya cikinsu.